Cin Tsirrai Zalla ko Haɗawa da Kifi, Ƙwai da Nama: Wanne Ya Fi Biya wa Jiki Buƙata?

Duk wanda ya ce ya daina cin abin da ya fito daga jikin dabba, wato nama da kifi da ƙwai da madara har da zuma, tambayar farko da ake tare shi da ita ita ce: to a ina za ka samu furotin? Tambayar ba laifi ba ce, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Furotin shi ne mafi sauƙin abin da mai cin tsirrai zalla zai cike. Abubuwan da ke iya kayar da shi ƙanana ne ƙwarai, waɗanda ake aunawa da maikirogiram, kuma su ne ba a cika tambaya a kansu ba.

Tsare-tsaren da ake kwatantawa a nan huɗu ne. Akwai mai cin komai. Akwai wanda ya bar naman dabbobi da na tsuntsaye amma yana cin kifi. Akwai wanda ya bar nama da kifi amma yana cin ƙwai yana shan madara. Sai na ƙarshe, mai cin tsirrai zalla, tsarin 'yan bigan, wanda ya samu ƙungiya ta kansa a Ingila a 1944 a hannun Donald Watson da abokansa. Matakai ne, kowanne ya ɗara na bayansa tsanani, kuma kowane mataki akwai abin da yake ba jiki da abin da yake karɓewa.

Mu gama da furotin tukuna. Baligi mai lafiya yana buƙatar wajen giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, ka ga mai kilo 70 yana neman giram 56 ke nan. Mai cin nama zai samu fiye da rabin wannan daga giram 100 na dafaffiyar tsokar ƙirjin kaza, wadda ke ɗauke da kusan giram 31. Ƙwai ɗaya yana ba da kamar 6. Mai cin tsirrai kuwa sai ya tara: kofi biyu na dafaffen wake wajen 30, giram 100 na awara mai tauri wajen 12, cikin tafin hannu na gyaɗa wajen 7, kofin madarar waken soya wani 7. Ya kai 56 tun kafin a lissafa abin da ke cikin shinkafa da burodi. Gaskiya ne hatsi ba ya da wadatar amino asid ɗin da ake kira laisin, wake kuma yana da ƙarancin metiyonin, amma wanda ke cin su duka biyun a yini guda ya haɗa, ba sai a faranti ɗaya ba. Wanda zai sha wahala shi ne wanda ya cire nama bai sa wake a madadinsa ba, ya zauna kan taliya da dankali da 'ya'yan itace. Da kuma tsoho wanda cikinsa ba ya ɗaukar abinci da yawa, domin kofi biyu na wake ba ƙaramin loda ba ne in an kwatanta da yankan kaza ɗaya.

Bitamin B12 ne babbar maganar, kuma a nan babu wata dabarar girki da za ta fitar da mutum. Dabba ba ta ƙera shi, tsiro ba ya ƙera shi, ƙwayoyin bakteriya ne kaɗai ke yin sa. Saniya da tunkiya suna samun sa daga bakteriyar da ke tumbinsu, ya taru a nama da hanta da nono, mu kuma mu samu daga gare su. Babu wani tsiro da za a dogara da shi a kan wannan. Garin sifirulina da ake tallatawa da sunan yana da B12, mafi yawan abin da ke cikinsa wani mai kama da shi ne wanda jikin ɗan Adam ba ya amfana da shi.

Abin da jiki ke so kaɗan ne, maikirogiram 2.4 a rana bisa ma'aunin Amurka, 4 bisa na hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai. Kofin madarar shanu yana ba da kamar 1.2, ƙwai kamar 0.5, hantar saniya kuwa yanka ɗaya ya ninka buƙatar rana sau da dama. Shi ya sa mai cin komai bai ma san ana wata buƙata ba, mai ƙwai da madara kuma yana tsaye a bakin iyaka, yana iya isa, yana iya gazawa. Wani bincike da aka yi wa maza 689 a Birtaniya, wanda aka buga a 2010, ya nuna kashi 52 cikin ɗari na masu cin tsirrai zalla suna da ƙarancinsa a jini, kashi 7 na masu ƙwai da madara, a cikin masu cin nama kuwa mutum ɗaya tak.

Mugun halin wannan ƙaranci shi ne jinkirinsa. Hanta tana ajiye B12 da zai iya kai mutum shekaru, kamar rumbun da ake ta ɗiba ba a zubawa: wanda ya daina cin nama bana zai ji garau baɗi da baɗin baɗaɗa, har ya riƙa ba wasu shawara cewa ƙwayar bitamin ɓarnar kuɗi ce. Sai daga baya gajiya ta fara, tafin ƙafa da yatsu su riƙa yin dindiris ko tsikari kamar ana soka allura, tafiya ta fara tangaɗi, mantuwa ta yawaita. Wani abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne abincin tsirrai yana da yalwar folet, wani bitamin na rukunin B, folet kuma yana iya rufe alamar ƙarancin jini, sai gwajin jini na yau da kullum ya fito lafiya lau alhali jijiyoyi na lalacewa. Lalacewar jijiya in ta daɗe ba lallai ta warke duka ba.

Maganin kuwa ba wuya. Ƙungiyar 'yan bigan ta Birtaniya da kanta tana cewa a sha ƙwayar maikirogiram 10 kullum, ko ta 2,000 sau ɗaya a mako, ko a ci abincin da aka ƙara wa bitamin ɗin aƙalla sau biyu a rana. Wani zai yi mamakin tazarar da ke tsakanin 10 da 2,000. Dalilin shi ne hanyar da hanji ke bi ya tsotse shi tana cika ne da abin da bai wuce maikirogiram biyu ba a zama ɗaya, ragowar kuma kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai ke ratsawa. Kashi ɗaya na 2,000 shi ne 20, wanda in an raba wa kwana bakwai ya yi daidai. Kada mai cin nama ya yi dariya tukuna: wanda ya haura shekara 50, da mai shan metformin na tsawon lokaci saboda ciwon suga, da mai yawan shan maganin rage asid ɗin ciki, duk tsotsar B12 na raguwa a jikinsu ko da kullum nama suke ci.

Sinadarin ƙarfe, wanda jini ke ginuwa da shi, labarinsa daban ne. Tsirrai suna da shi sosai, har sau da yawa abin da mai cin wake da ganye ke haɗiya ya fi na mai cin nama yawa. Matsalar wajen tsotsa ce. Nau'in da ke cikin nama jiki na ɗaukar kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari nasa, na tsirrai kuwa tsakanin kashi 2 zuwa 20, gwargwadon abin da aka ci tare da shi. Saboda haka ne hukumomin Amurka suka ce wanda ba ya cin nama ya ninka buƙatarsa sau 1.8. Ga namiji, mai buƙatar miligiram 8, wannan ba komai ba ne. Ga mace mai jinin al'ada, mai buƙatar 18, lissafin ya haura 30, kuma wannan aiki ne. Lemun tsami ko tumatir ko ɗanyen tattasai a kan wake yana ƙara tsotsa ƙwarai saboda bitamin C. Shayi da kofi a kan abinci suna rage ta, gara a bari a yi kamar awa guda tsakani. Jiƙa wake da hatsi kafin dahuwa, ko barin su su tsiro, ko kumbura ƙullu da yis, duk suna rage sinadarin faitet da ke riƙe ƙarfen.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: a fannin ƙarfe, mai ƙwai da madara bai fi mai cin tsirrai zalla da komai ba. Madara ba ta da ƙarfe na a-zo-a-gani, kuma wanda ya maye gurbin nama da cuku ya fi wanda ya maye shi da wake asara. Sannan ƙarancin jini ba na masu barin nama ba ne kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 30 cikin ɗari na matan duniya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna fama da shi, kuma mafi yawansu ba su taɓa haramta wa kansu nama ba.

Inda na fi ganin an raina haɗari shi ne ƙashi. Baligi na buƙatar kalsiyam miligiram 700 bisa ma'aunin Birtaniya, 1,000 bisa na Amurka. Kofin madara ɗaya yana kawo wajen 300, jiki kuma ya tsotse kusan kashi ɗaya bisa uku. Alayyafo a takarda yana da kalsiyam da yawa, amma sinadarin okzalet da ke cikinsa ya ɗaure shi, abin da ke shiga jiki kusan kashi 5 ne kawai. Burokoli da dangin kabeji tsotsarsu ta fi ta madara kyau, sai dai abin da ke cikinsu kaɗan ne, sai an ci tuli. Don haka mai cin tsirrai zalla yana dogara ne kan awarar da aka daskarar da gishirin kalsiyam, da riɗi, da madarar tsirrai da aka ƙara wa kalsiyam. Ita wannan madarar sai an juya kwalin an karanta, domin ba kowacce aka ƙara wa ba. Kuma sai an girgiza ta sosai kafin a zuba, domin kalsiyam ɗin yana kwantawa a gindi: wanda ya taɓa yanka kwalin da ya ƙare zai ga wani farin laka manne a ƙasa, to abin da ya biya kuɗi dominsa ke nan ya tafi kwandon shara. Madarar almon da ta shinkafa kuwa kusan ba su da furotin, ta waken soya kuwa tana kusa da ta shanu.

Binciken EPIC na Oksfod ya bi mutane kusan 55,000 na tsawon shekaru kusan 18, kuma sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna masu cin tsirrai zalla sun fi masu cin nama karaya da kashi 43 cikin ɗari, karayar ƙugu kuma ta ninka fiye da sau biyu. Wani ɓangare na bambancin ya zo daga ƙarancin kalsiyam da furotin, wani kuma daga rashin jiki, domin siriri ya fi saurin karyewa in ya faɗi. Masu kifi da masu ƙwai da madara su ma an ga ƙarin karayar ƙugu a cikinsu, amma bai kai haka ba. Mai shekara 25 ba zai damu da wannan ba. Mace da ta wuce haila ya kamata ta tsaya ta yi nazari.

Sauran ƙananan ba sa buƙatar dogon bayani. Aidin, maikirogiram 150 a rana, yana zuwa daga kifi da madara da ƙwai, wanda ya bar su sai ya riƙe gishiri mai aidin, kuma ya yi hattara da wasu nau'o'in ciyawar teku da aidin ɗinsu ya wuce ƙima har ya rikita maƙogwaro. Zink yana cikin wake da gyaɗa da 'ya'yan kabewa, amma faitet na tare shi kamar yadda yake tare ƙarfe. Kitsen omega-3 na kifi mai maiƙo, wanda ake kira EPA da DHA, jiki na iya ƙera shi daga wanda ke cikin irin filaks da ciya da gyaɗar walnat, sai dai kaɗan yake juyawa, musamman DHA. Akwai man da ake tatsa daga gansakukar ruwa, wadda dama daga gare ta kifin ke samu. Bitamin D kuwa matsalar kowa ce, abinci kaɗan ne ke da shi, kuma mai duhun fata da ke zaune a ƙasar sanyi yana buƙatar ƙari ko me yake ci.

Wanda ya karanta zuwa nan zai zaci mai cin komai ya yi nasara. Ba haka ba ne, nasa giɓin ne kawai ba a kiran sa giɓi. Faiba, wato ɓangaren tsirrai da ciki ba ya narkarwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke so baligi ya samu aƙalla giram 25 a rana, babu ko ɗigonta a nama da ƙwai da madara, kuma yawancin masu cin komai a ƙasashe masu arziki ba sa kaiwa. Mai cin wake da hatsi da ganye yana wuce wannan adadi bai sani ba. Folet, potasiyam, magniziyam da bitamin C duk sun fi yawa a farantinsa. Daskararren kitse, wanda ake so kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci, yana taruwa ne a jan nama da man shanu da cuku. A 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama, irin tsiran gwangwani da wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi, cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, ta ce giram 50 kullum na ƙara haɗarin kansar hanji da kusan kashi 18 cikin ɗari. Jan nama kuma ta sa shi a rukunin waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa.

Manyan bincike sun bi wannan layin. A cikin mabiya cocin Adbentis na Amurka da Kanada, inda ake samun duka tsare-tsaren huɗu a al'umma ɗaya da ba ta cika shan taba da giya ba, ciwon suga nau'i na biyu ya kasance kashi 2.9 cikin ɗari a masu cin tsirrai zalla, 3.2 a masu ƙwai da madara, 4.8 a masu kifi, 7.6 a masu cin nama. A Jami'ar Stanford an ɗauki tagwaye masu kama ɗaya, haihuwa 22, a kowace haihuwa ɗaya ya ci tsirrai zalla, ɗaya ya ci lafiyayyen abinci mai nama, na mako 8. Sakamakon 2023 ya nuna mugun kolestarol ya fi sauka a masu tsirrai da wajen maki 14. Binciken Oksfod na 2019 kuma ya samu ciwon toshewar jijiyoyin zuciya ya ragu da kashi 22 a waɗanda ba sa cin nama da kifi, da kashi 13 a masu kifi. Amma a wannan binciken dai shanyewar ɓarin jiki ta ƙaru da kashi 20 a masu barin nama da kifi, ba a ga haka a masu kifi ba.

A sake duba alƙaluman ciwon sugan nan. Babban tsalle yana tsakanin mai cin nama da sauran, daga 7.6 zuwa ƙasa da 5. Tsakanin mai ƙwai da madara da mai tsirrai zalla kuwa, 3.2 da 2.9, tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Kuma a binciken mace-mace na waɗannan mutanen da aka buga a 2013, masu cin kifi ne suka fi kowa ƙarancin mutuwa a tsawon lokacin bibiyar. Nan ne ra'ayina ya tsaya: yawancin ribar lafiya ana samun ta ne a matakin farko, lokacin da wake da hatsi da ganye suka mamaye faranti, sarrafaffen nama ya fita. Matakin ƙarshe, na cire ƙwai da madara da kifi, ribarsa ga lafiya kaɗan ce, kuma shi ne ke kawo kusan dukkan ɗawainiyar B12 da kalsiyam da aidin. Tsarin cin abincin Bahar Rum, mai yawan man zaitun da wake da kifi da ɗan nama kaɗan, hujja ne a kan haka: a gwajin PREDIMED na Sifen, mai mutane fiye da 7,000, manyan matsalolin zuciya da jijiyoyin jini sun ragu da kusan kashi 30 ba tare da an haramta wa kowa komai ba. Kuma kada a manta, lemun kwalba da soyayyen dankali da biskit mai man kwakwa duk tsirrai ne. Sunan tsari ba ya gyara abinci.

Saboda haka zaɓin ya danganta da abin da ya kawo mutum. In lafiya ce kaɗai, tsarin mai kifi, ko mai yawan tsirrai da ɗan ƙwai da madara, ya fi sauƙin riƙewa kuma kuskure a cikinsa ba ya tsada. In kuwa tausayin dabbobi ne ko damuwa da muhalli, wannan dalili ne mai zaman kansa, kuma baligi mai lafiya zai iya rayuwa a kan tsirrai zalla lafiya ƙalau, muddin ya yarda da sharuɗɗan: ƙwayar B12 ba fashi, wake ko awara kullum, tushen kalsiyam da ya sani da suna, gishiri mai aidin. Wanda ya san kansa da mantuwar shan magani, ko wanda inda yake zaune ba a samun ƙwayar cikin sauƙi, ko wanda jikinsa ba ya karɓar waken soya da gyaɗa, gara ya tsaya a matakin ƙwai da madara. Akasin haka ma akwai: kusan kashi biyu bisa uku na manyan duniya cikinsu ba ya narkar da sukarin madara sosai, irin waɗannan kifi da ƙwai sun fi yi musu amfani a kan kofin madara.

Mai ciki da mai shayarwa da ƙaramin yaro lissafinsu ya fi tsauri, har masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Ƙungiyar masana abinci ta Amurka ta ce a 2016 tsarin tsirrai zalla, in an tsara shi da kyau, ya dace da kowane mataki na rayuwa. A wannan shekarar dai takwararta ta Jamus ta ce ba ta ba da shawarar sa ga masu ciki da masu shayarwa da yara ba, kodayake ta sassauta a 2024. Wani bincike a Poland kan yara 'yan shekara 5 zuwa 10, wanda aka buga a 2021, ya samu masu cin tsirrai zalla suna da kyawun kolestarol, amma sun gaza sauran tsawo da wajen santimita 3, ƙashinsu kuma bai kai na sauran ƙwari ba. Jariri ba ya da ajiyar shekaru a hantarsa irin ta babba. In B12 na uwa ya yi ƙasa, nononta ma haka, kuma cikin watanni illar za ta iya taɓa ƙwaƙwalwar yaron. Madarar tsirrai ta kwali ba ta maye gurbin nonon uwa ko madarar jarirai ga wanda bai shekara ba. Iyalin da suka zaɓi wannan hanya su yi ta tare da likita ko masanin abinci, kuma in za a yi gwaji a nemi a duba B12 da feritin, wato ma'aunin ajiyar ƙarfe a jiki, da bitamin D kai tsaye, in akwai shakka a ƙara da gwajin MMA, wanda ke nuna ƙarancin B12 ko da folet ya rufe shi.